Yadda Ake Warware Tambayoyin Fiziks Kan Ƙarfin Caji, Filin Lantarki da Fotenshiyal

Yawancin ɗaliban da ke faɗuwa a wannan babi sun haddace fomulolin tsaf. Abin da ke kayar da su shi ne suna yi wa abubuwa uku mabambanta lissafi iri ɗaya. Ƙarfin da caji ke yi wa caji, da filin lantarki (tasirin da caji ke yi a sararin da ke kewaye da shi), duka biyun suna da girma suna kuma da alkibla, wato bekta ne. Fotenshiyal kuwa lamba ce kawai mai alamar + ko −, ba ta fuskantar gabas ba ta fuskantar yamma. Duk matakan da ke tafe a kan wannan rabe-raben aka gina su, kuma wanda ya riƙe shi ya ci rabin aikin.

Mataki na farko: gano abin da ake tambaya

Kafin ka taɓa kalkuleta, karanta jumlar ƙarshe ta tambayar sau biyu. Ma'aunin da ake so amsa ta fito a cikinsa zai gaya maka ƙofar da za ka bi. In niyuton ne, ƙarfi ake nema, F. In niyuton a kan kulom ne ko bolt a kan mita, fili ne, E, domin N/C da V/m abu ɗaya ne. In bolt ne, fotenshiyal ne, V. In kuwa jul ne, to aiki ake tambaya, W, ko makamashi, U.

Fomulolin da za ka yi ta komawa gare su ba su da yawa. A cikinsu q caji ne, r da d tazara ce, ΔV kuma bambancin fotenshiyal:

F = k q₁q₂ / r²
E = k q / r², kuma F = qE
V = k q / r, kuma W = qΔV
U = k q₁q₂ / r
E = V / d, tsakanin faranti biyu da ke fuskantar juna kawai

Darajar k ita ce 8.99 × 10⁹ N·m²/C², amma a aikin gida galibi 9 × 10⁹ ake ɗauka. Wasu littattafan suna rubuta ta a matsayin 1/(4πε₀), inda ε₀ take 8.85 × 10⁻¹². Kada wannan ya firgita ka, lamba ɗaya ce aka sauya wa tufafi. Ka lura da r: a F da E ana ninka ta da kanta, a V da U ita kaɗai ce. Fomula ta farko doka ce ta Kulom, injiniyan sojan Faransa wanda ya gabatar da ita a 1785 bayan ya auna ƙarfin da ke tsakanin ƙananan ƙwallaye masu caji ta hanyar duba yadda suke murɗa siririyar waya. Abin da ya gani shi ne in aka ninka tazara sau biyu, ƙarfin ya ragu zuwa kashi ɗaya cikin huɗu.

Mataki na biyu: mayar da komai ma'auninsa na asali

Caji ya koma kulom, tazara ta koma mita, nauyi ya koma kilogiram. Maikrokulom, μC, shi ne 10⁻⁶ C. Nanokulom, nC, 10⁻⁹ C. Fikokulom, pC, 10⁻¹² C. Santimita 20 mita 0.20 ce, milimita 5 kuwa mita 0.005. Yi wannan a gefen takarda tun da fari, ka rubuta kowane a jere. Wanda ya bar santimita a cikin r² amsarsa za ta kuskure da ninki 10,000, ba ma 100 ba, saboda kuskuren ma ana ninka shi da kansa.

Dalilin da ya sa ake ta ambaton waɗannan ƙananan ma'aunai shi ne kulom ɗaya caji ne mai girman gaske. Caji biyu na kulom ɗai-ɗai a tazarar mita ɗaya za su tura juna da niyuton biliyan 9. Cajin elektiron ɗaya kuwa 1.6 × 10⁻¹⁹ C ne, don haka sai an tara elektiron kusan 6.25 × 10¹⁸ kafin a sami kulom guda.

Mataki na uku: zana hoton, ka sa kibiyoyi kafin lambobi

Nan ne zan daɗe, domin nan ne ake cin maki ko a zubar da shi.

Zana kowane caji a wurinsa, ka rubuta alamarsa da tazarar da ke tsakaninsa da saura. Sai ka zagaye cajin da ake tambaya a kansa, ko ɗigon da ake neman fili a wurin. Duk kibiyoyin da za ka zana daga cikin wannan zagayen za su fita, ba daga kan sauran cajin ba. Ɗalibai da yawa suna cika hoto da kibiyoyi a kan kowane caji, daga baya su rasa wanne za su tara da wanne.

Ƙa'idar alkibla ba ta da wuya. Caji masu alama ɗaya suna tura juna, masu alama daban suna jan juna. A batun fili kuwa, ka ɗauka ka ajiye ɗan ƙaramin caji fozitib (mai alamar +) a ɗigon, ka tambayi kanka ina zai nufa. Zai guje wa caji fozitib, zai nufi caji negatib (mai alamar −). Can kibiyar E take fuskanta.

Ga shawarar da na fi ba wa muhimmanci: idan kana lissafin F ko E, kada ka shigar da alamar + ko − ta caji cikin fomula. Yi amfani da girman cajin kawai ka sami girman ƙarfin, ka bar kibiyar da ka zana ta gaya maka alkibla. Ga misalin da zai nuna dalili.

Caji uku suna kan layi ɗaya. Na farko +3 μC yana bakin hagu. Na biyu −2 μC yana nesa da shi da mita 0.20 ta dama. Na uku +4 μC yana mita 0.50 daga na farko. Ana neman jimillar ƙarfin da ke kan na biyu.

Zagaye na biyu. Na farko fozitib ne, shi kuma negatib, don haka ana jan sa zuwa hagu. Na uku ma fozitib ne, yana jan sa zuwa dama. Kibiya biyu ke nan masu ba wa juna baya. Yanzu lambobi. Tsakaninsa da na farko mita 0.20 ce:

F₁ = (9 × 10⁹ × 3 × 10⁻⁶ × 2 × 10⁻⁶) / 0.20² = 0.054 / 0.04 = 1.35 N, zuwa hagu.

Tsakaninsa da na uku ba 0.50 ba ce, 0.30 ce, domin 0.50 daga na farko aka auna ta. Masu shirya tambaya suna son wannan tarkon ƙwarai.

F₃ = (9 × 10⁹ × 4 × 10⁻⁶ × 2 × 10⁻⁶) / 0.30² = 0.072 / 0.09 = 0.80 N, zuwa dama.

Jimilla: 1.35 − 0.80 = 0.55 N zuwa hagu.

Da a ce ka shigar da alamomin cikin fomula, duka biyun za su fito da alamar −, wato −1.35 da −0.80, ka tara su ka sami −2.15 N. Lissafin zai yi kyau a ido, amsar kuma ba daidai ba. Alamar − da ke fitowa daga fomular Kulom "jan juna" take nufi, ba "hagu" ba, kuma abubuwa biyu na iya jan caji ɗaya zuwa ɓangarori biyu.

Wani abin lura: kasancewar caji na uku ba ya rage ko ƙara ƙarfin da na farko ke yi wa na biyu. Kowanne ana lissafa shi kamar shi kaɗai ne a wurin, daga baya a haɗa. Ko da wani caji ya tsaya a tsakiyar wasu biyu, ba ya tare musu hanya.

Mataki na huɗu: idan kibiyoyin ba kan layi ɗaya suke ba

Sai a raba kowace kibiya gida biyu, ɓangaren kwance na x da ɓangaren tsaye na y. A tara na x daban, na y daban, sannan a haɗa su da dokar Fitagoras.

Mu fara da mai sauƙi. Akwai ɗigo P. Caji +6 nC yana hagu da shi da mita 0.30. Caji −8 nC yana samansa, shi ma da mita 0.30. Mene ne filin da ke P?

Daga na farko: 9 × 10⁹ × 6 × 10⁻⁹ ya ba da 54, a raba da 0.09, an sami 600 N/C. Fozitib ne kuma yana hagu, saboda haka kibiya ta guje masa ta nufi dama. Daga na biyu: 72 a raba da 0.09, 800 N/C. Negatib ne yana sama, kibiya ta nufe shi, wato sama. Kibiyoyin sun yi kusurwar digiri 90, don haka:

E = √(600² + 800²) = 1000 N/C

Alkiblarsa kuma: tan θ = 800/600, θ ta kai digiri 53 daga layin kwance zuwa sama. Amsar da ba a faɗi alkiblarta ba rabin amsa ce, kuma malamin da ya cire maka maki a kan haka bai zalunce ka ba.

Sau da yawa tambayar takan ci gaba: in aka ajiye elektiron a P, wane ƙarfi zai ji? Ba sai ka koma ga fomular Kulom ba. F = qE = 1.6 × 10⁻¹⁹ × 1000 = 1.6 × 10⁻¹⁶ N. Tun da elektiron negatib ne, ƙarfin yana fuskantar kishiyar alkiblar filin, wato ƙasa ta wajen hagu. Ƙarfin ya yi kama da ba komai ba, amma raba shi da nauyin elektiron, 9.11 × 10⁻³¹ kg, ka ga gudunsa yana ƙaruwa da kusan 1.8 × 10¹⁴ m/s a kowace daƙiƙa. Shi ya sa a tambayoyin elektiron ba a kula da jan ƙasa, bai kai a lissafa shi ba.

Yanzu wanda ke bukatar rabawa ta gaske. Caji biyu, kowanne +5 nC, suna kwance a tazarar mita 0.60 da juna. Ɗigo P yana saman tsakiyarsu daidai da mita 0.40. Daga tsakiya zuwa kowane caji 0.30 ce, tsayi 0.40, don haka tazarar P da kowane caji mita 0.50 ce. Wannan 0.50 ɗin ce r, ba 0.40 ba. Filin kowanne: 45 / 0.25 = 180 N/C.

Zana kibiyoyin. Cajin hagu yana tura sama ta dama, na dama yana tura sama ta hagu. Ɓangarorin kwance girmansu ɗaya suna kuma fuskantar kishiyar juna, sun kashe juna. Saura na tsaye. Ba ka ma bukatar nemo kusurwa da kalkuleta, alwatikar da ka zana ta ba ka: ɓangaren tsaye shi ne 180 × 0.40/0.50 = 144. Guda biyu ne, jimilla 288 N/C zuwa sama.

To, sauya cajin dama ya zama −5 nC. Kibiyarsa ta juya, yanzu tana nufar cajin, wato ƙasa ta dama. Wannan karon na tsaye ne suka kashe juna, na kwance suka haɗu: 180 × 0.30/0.50 = 108, sau biyu 216 N/C zuwa dama. Hoto ɗaya, lambobi ɗaya, alama guda ta sauya amsa gaba ɗaya. Duk lokacin da ka ga caji masu girma ɗaya a jere daidai wa daida, a kusurwoyin murabba'i ko alwatika mai gefuna uku masu tsayi ɗaya, tsaya ka nemi abin da zai kashe wani kafin ka fara danna maɓallai. Zai rage maka rabin wahala.

Mataki na biyar: fotenshiyal, inda ƙa'idar ta juye

A nan ba kibiya, ba kusurwa, ba Fitagoras. Kuma a nan dole ka shigar da alamar caji cikin fomula. Caji fozitib yana ba da V fozitib, negatib yana ba da V negatib, sai ka tara su yadda ake tara lambobi a aji uku na firamare.

Koma misalin +6 nC da −8 nC. A ɗigo P:

V = 54/0.30 + (−72)/0.30 = 180 − 240 = −60 V

Shi ke nan. Cewa ɗaya yana hagu ɗaya yana sama bai shafi komai ba, tazara ce kawai abin dubawa.

Hanyar da ta fi sauƙi ta fahimtar fotenshiyal ita ce a ɗauke shi kamar tudu da kwari. Caji fozitib yana tada tudu a kewayensa, negatib yana haƙa rami. V shi ne tsayin wurin da kake tsaye, E kuma shi ne tsananin gangaren da ke ƙarƙashin ƙafarka da inda yake gangarawa. Kana iya tsayawa a wuri mai tsayi amma shimfiɗaɗɗe, kana kuma iya tsayawa a wurin da tsayinsa sifili ne amma gangarensa mai tsanani.

Misalanmu na baya sun nuna duka biyun. A tsakiyar caji biyu na +5 nC, filayen sun kashe juna, E = 0, amma V = 45/0.30 + 45/0.30 = 300 V. Da muka mayar da ɗaya negatib, a ɗigo P ɗin nan na sama V = 90 − 90 = 0, alhali E ya kai 216 N/C. Don haka duk wanda ya ce maka inda fili ya zama sifili fotenshiyal ma sifili ne, nuna masa waɗannan biyun. Tambayoyin zaɓi ɗaya cikin huɗu suna yawan zuwa daga nan.

Aikin da ake yi wajen ɗaukar caji daga wuri zuwa wuri shi ne W = q(V na ƙarshe − V na farko). Ana ɗaukar V a matsayin sifili a nesa marar iyaka. Idan aka ce a kawo caji +2 nC daga can nesa zuwa ɗigon da V ɗinsa −60 V, aikin shi ne 2 × 10⁻⁹ × (−60) = −1.2 × 10⁻⁷ J. Alamar − tana nufin ba tura shi ka yi ba, filin ne ya jawo shi, kai riƙe shi kawai ka yi don kada ya ruga. Karanta tambayar da kyau a nan: aikin da kai ka yi ake so ko aikin da filin ya yi? Girmansu ɗaya, alamarsu ta saɓa. Hanyar da aka bi kuma ba ta da tasiri, miƙaƙƙiya ko karkatacciya, farko da ƙarshe kawai ake dubawa. In duka wuraren biyu fotenshiyal ɗinsu ɗaya ne, aikin sifili ne.

In an tambayi makamashin da ke ajiye a tarin caji, lissafa U na kowane biyu-biyu sau ɗaya tak, da alamominsu. Caji uku suna da haɗi uku, caji huɗu suna da shida. A murabba'i kada ka manta da biyun da ke tsallake kusurwa zuwa kusurwa, su ake yawan bari.

Tambayar "a ina fili zai zama sifili?"

Wannan tana da dabararta. Kafin ka rubuta x, yanke shawarar yankin da amsar za ta faɗa. In cajin biyu alamarsu ɗaya, ɗigon yana tsakaninsu, ya fi kusa da ƙaramin. In alamarsu daban, yana waje, ta ɓangaren wanda girmansa ya fi ƙanƙanta. A tsakanin caji fozitib da negatib kibiyoyin alkibla ɗaya suke fuskanta, ba yadda za a yi su kashe juna.

Ɗauki +4 μC da +9 μC a tazarar mita 1. Bari x ta zama nisa daga +4. Sai 4/x² = 9/(1 − x)². An soke k da 10⁻⁶ tun da suna ɓangarorin biyu. Kada ka buɗe baka ka jefa kanka cikin doguwar aljabara, ɗauki tushen murabba'in kowane ɓangare: 2/x = 3/(1 − x), wanda ya ba da x = 0.4 m. In na biyun −9 μC ne, ɗigon ya koma bayan +4, nisansa daga −9 ya zama 1 + x. Sai 2/x = 3/(1 + x), x = 2 m.

Inda V zai zama sifili kuwa wuri ne daban. A kan layin +4 da −9 wurare biyu ne ma: ɗaya a tsakani, inda 4/x = 9/(1 − x) ya ba da kusan mita 0.31, ɗaya a waje, mita 0.8 bayan +4.

Faranti biyu da cajin da ke gudu

Tsakanin faranti biyu masu faɗi da ke kusa da juna, fili ɗaya ne a ko'ina in ban da gefe-gefe, yana tashi daga farantin fozitib zuwa na negatib. Bolt 200 a tazarar santimita 2 ya ba da E = 200 / 0.02 = 10,000 V/m. Kada ka kawo kq/r² nan, wannan ta caji ɗan ɗigo ce.

Idan aka tambayi gudun da elektiron zai kai bayan ya tsallaka daga farantin negatib zuwa na fozitib, akwai doguwar hanya: nemo E, sai F, sai a (yadda gudu ke ƙaruwa a kowace daƙiƙa), sai fomulolin motsi. Akwai kuma gajeriya, ta makamashi, wadda nake ganin ya kamata ta zama ta farko da za ta zo maka:

qV = ½mv²

1.6 × 10⁻¹⁹ × 200 = 3.2 × 10⁻¹⁷ J. Ninka da biyu, raba da 9.11 × 10⁻³¹, ɗauki tushen murabba'i: kusan 8.4 × 10⁶ m/s. Ka ga tazarar farantan ba ta ma shigo ba. Firoton da ya ratsa bolt 200 zai sami makamashi daidai da wannan, amma tun da nauyinsa 1.67 × 10⁻²⁷ kg ne, ya fi elektiron sau kusan 1,836, gudunsa kusan 2.0 × 10⁵ m/s ne kawai. Makamashin da elektiron ke samu in ya ratsa bolt ɗaya shi ake kira elektironbolt, eV, don haka amsar nan ana iya cewa eV 200 ce kai tsaye. Doguwar hanyar tana da amfani ne idan an tambayi lokaci, ko kuma elektiron ya shigo ta gefe ana son sanin yadda ya karkace. A nan sai ka yi masa lissafin abin da aka jefa: gudunsa na kwance ba ya sauyawa, na tsaye ne ke ƙaruwa da a = qE/m.

Akwai kuma tambayar ɗigon mai da ya tsaya cak a iska tsakanin faranti. Asalinta gwajin da Milikan ya fara a Jami'ar Shikago a 1909, wanda ya nuna cewa caji ba ya zuwa sai a ninkin wani ƙaramin adadi guda, aikin da yana cikin abin da ya ba shi kyautar Nobel a 1923. Lissafinta layi ɗaya ne: ƙarfin lantarki da ke ɗaga shi ya yi daidai da nauyin da ke jan sa ƙasa, qE = mg. Ɗigo mai nauyin 3.2 × 10⁻¹⁵ kg, bolt 500, tazara milimita 5, g a ɗauke ta 10. E = 500 / 0.005 = 10⁵ V/m, mg = 3.2 × 10⁻¹⁴ N, q = 3.2 × 10⁻¹⁹ C. Raba da cajin elektiron, ka sami 2. In ka sami abu kamar 2.5, koma ka duba, domin ba a raba elektiron.

Ƙwallayen ƙarfe

A taƙaice. A waje da ƙwallo mai caji, yi lissafi kamar duk cajin yana tsakiyarta, kuma daga tsakiyar ake auna r, ba daga fatarta ba. A cikin ƙwallon ƙarfe E sifili ne, amma V ba sifili ba ne, daidai yake da na fatar, kQ/R, inda Q cajin ƙwallon ne, R kuma nisa daga tsakiya zuwa fata. Idan ƙwallaye biyu iri ɗaya suka taɓa juna, tara cajinsu da alamominsu ka raba biyu: +8 μC da −2 μC sun ba da +6, kowacce ta tashi da +3 μC. Da suna jan juna, yanzu suna tura juna, kuma in an mayar da su tazarar farko ƙarfin ya ragu zuwa 9/16 na da.

Mataki na ƙarshe: kalkuleta da duba amsa

Kurakuran kalkuleta uku ne ke yawan maimaituwa. Na farko, rubuta 3 × 10⁻⁶ da maɓallin sau da na 10 a ƙasan rabawa ba tare da baka ba, na'urar ta raba da 3 sannan ta ninka da 10⁻⁶. Yi amfani da maɓallin EXP ko ×10ˣ, ko ka sa baka. Na biyu, barin na'ura a radiyan alhali kusurwar a digiri take. Gwada sin 30, in bai ba ka 0.5 ba ka gyara. Na uku, manta ninka r da kanta. Ni na fi son a raba lissafin biyu, a yi na lambobi daban, na ƙananan lambobin da ke saman 10 daban da ka: 9 × 3 × 2 = 54, sai 9 − 6 − 6 = −3, wato 54 × 10⁻³. Ya fi sauri, kuma kuskure ba ya ɓuya.

Daga nan ka auna amsar da hankali. Maikrokulom kaɗan a tazarar santimita goma-goma yana ba da ƙarfi daga ɗan ƙasa da niyuton ɗaya zuwa gommai. In ka ga niyuton miliyan, wani ma'auni ne ba ka sauya ba. Busasshiyar iska tana fara tartsatsi idan fili ya kai wajen 3 × 10⁶ V/m, don haka amsar 10¹² V/m a cikin iska abin tuhuma ce. Gudun da ya wuce na haske, 3 × 10⁸ m/s, kuskure ne kai tsaye. Ga kuma wata lamba mai kyau ta gwaji: a zarrar haidirojin, inda elektiron ke nesa da firoton da 5.3 × 10⁻¹¹ m, ƙarfin da ke tsakaninsu kusan 8.2 × 10⁻⁸ N ne. Lissafa shi da kanka sau ɗaya. In ya fito daidai, ka tabbata hannunka ya zauna a kan maɓallin EXP da kuma r².

Sauya caji ɗaya a cikin misalan nan daga + zuwa −, ka sake zana kibiyoyin, ka yi hasashen abin da zai faru da E da V kafin ka lissafa. Fara da na caji uku a layi: mayar da na uku −4 μC, ya kamata ka sami 2.15 N zuwa hagu.